Rabon Yarinya

Tun da aka kafa sabuwar doka, mamaci ba ya wuce kwana arba'in a rumbun bayanan hukuma. Hotunansa da muryarsa duk sharewa ake yi, sai abin da dangi suka kwashe a faifan ajiya.

Yau kwana talatin da tara da rasuwar Hansatu wurin haihuwa. Mijinta Nafi'u ya bar jaririyar wajen gwaggonta, ya nufi rumfar Malam Tasi'u mai faifai.

"Baba, wanda ba ya mutuwa nake so."

"Ɗana, mutum ma ya mutu, balle faifai," in ji tsohon. "Jan faifan nan kyan ɗan maciji ne, damina biyu ya tashi aiki. Baƙin shi ne na gaske, ba ruwansa da zafi ko faɗuwa. Sai dai kowane sauraro cinsa yake yi."

Ya zaro nasa daga aljihu, ya kunna. Shiru, sai tari guda ɗaya.

"Mahaifiyata ce. Da tatsuniya ce sukutum. Ni na cinye ta, ban rage wa jikokinta komai ba."

Nafi'u ya sunkuyar da kai. Tun safe sau tara ya saurari saƙonta na ƙarshe: ka taho mini da lemo.

Aka kwashe Hansatu a baƙin faifan.

"Mu gwada ko ta hau?" in ji tsohon.

Nafi'u ya miƙa hannu, ya janye.

"Bar shi, Baba. Rabon yarinya ne."

Ya naɗe faifan a gyalen Hansatu da ya zo da shi ya fita, bai san ko tana ciki ba.