Jana'iza a Bakin Iyakar Jigawa

Ranar da aka saki Haladu daga gidan yari bisa sharaɗi, aka ɗaura masa munduwar ƙarfe a ƙafa. A wannan zamani, duk mai ita idan ya tsallake iyakar jihar da ke sa ido a kansa, sai ta sandarar masa da ƙafa ya faɗi, ya kwanta nan har a zo a ɗauke shi. Wata bakwai ke nan yana roƙon a mayar da shi daga Kano zuwa Jigawa, inda mahaifiyarsa ke jinya a Ringim.

Ran Laraba da hantsi, kawunsa Barau ya bugo waya, ya ce Inna ta cika.

Haladu ya garzaya ofishin masu sa ido a kansa. Jami'ar da ke wurin ta duba allonta, ta sunkuyar da kai.

"Allah ya jiƙanta, Malam Haladu. Ita ce ta sa hannu za ta tsaya maka. Tana rasuwa na'ura ta rufe takardarka."

"A bar ni in je yau kaɗai, ranki ya daɗe."

"Wallahi ba a hannuna yake ba."

Ya hau mota, ya sauka a bakin iyaka, ya zauna gefen titi. Bayan azahar sai ga akori-kura daga gabas. Ashe Kawu Barau ne ya roƙi liman a kawo gawar bakin iyaka a yi mata salla. Aka sauke makara a ɓangaren Jigawa, jama'a suka tsallako suka yi sahu tare da Haladu.

Da aka sallame, aka ɗauke ta. Ya bi su taku uku, ya tsaya cak.

Kawu ya waiwayo, idonsa jawur. "Koma, ɗana. Ni zan zuba mata ƙasa a madadinka."