Nauyin Tsohuwar Amfilifaya

"Baba, da gaske za ka ba ni sabuwar amfilifayarka, ka karɓi wannan tsohuwar?" in ji wani saurayi yana ɓoye dariya, ga dattijon da ke hamayya da shi a hayar lasifika.

Dattijon ya jinjina kowacce kamar buhun gero a kasuwar Kunci. Suna ɗaya, kama ɗaya, amma ita sabuwar, ƙirar wata ƙasa ce daban, shafal kamar kwali, tsohuwar kuwa da nauyi.

"Na yarda, ɗana."

Shekarar fari ce, aiki ya yi wuya, sai ga biki biyu rana ɗaya, kowannensu ya samu hayar ɗaya. Azahar na yi, sabuwar ta yi hayaƙi ta mutu. Tsohuwar kuwa ta yi ta gurnani har ƙirji na amsawa, 'yan bikin da saurayin ya je suka naɗe tabarminsu suka dawo wajen dattijon.

Saurayi ya tashi da ƙyalli, dattijo ya kwashe hayar kaka gaba ɗaya.