Zagin da Torbjörn ya yi wa na'ura

Sau uku na'urar duba aiki tana dawo wa Torbjörn da manhajar kwamfuta da ya rubuta. Laifinsa ɗaya: layin da ke janyo kayan aiki daga wani fayil ya sa shi a tsakiya, doka kuwa ta ce a sama. Ga shi ranar Juma'a shugabarsu Gunilla za ta yanke ko a tabbatar da shi a aiki ko a sallame shi.

Yaron ya iya aiki, amma bakinsa ba linzami. Ya rubuta a ƙarƙashin gyaran: "Ke jakar ƙarfe, kin fi Gunilla taurin kai! Layin nan ba inda za shi."

Wajen shan kofi ya ba abokin aikinsa Stellan labari yana huci.

Stellan ya ajiye burodin kirfarsa. "Kai, sarkin zuciya, wace na'ura? Ai tun Litinin ta lalace."

"To, uban wa ke dawo min da aiki?"

Gunilla ta miƙo hannu ta bayan Torbjörn, ta ɗauki madara.

"Jakar ƙarfe ce," in ji ta. "Mayar da layin sama, sannan ka kawo min makullin ofis."