Kwandon Burodin Sistoci

Ustaz Nashat, wani malamin makaranta, bai taɓa murna irin ta ranar da aka ba shi shugabancin makarantar sistocin Katolika ta garinsu ba, can kusa da birnin Minya. Sistocin ɗarikar Waliyyi Faransis sun tsufa, sun ragu, shi ne na farko da ba ɗan ɗarika ba da zai riƙe ta. Kafin mako ya zagayo ya sa an yi fenti, an gyara famfo, har tsohuwar ƙararrawar da tantabaru suka yi sheƙa a cikinta ta sake magana.

Abu ɗaya ne ya tsone masa ido. Kowace safiya akan ajiye ƙaton kwandon burodi a bakin ƙofa, kuma dokar sistoci ce kowa sai ya ɗauka. 'Yar likita ta ɗauka, 'yar mai shara ta ɗauka, malamai su ɗauka. Sista Marta, wadda ba ta da haƙori ko ɗaya, takan tsaya tana mamular nata a gaban kowa.

"Sista, wannan ai ɓarna ce," in ji shi yana murza hannu don zumuɗi. "Yaran da suka ƙoshi da kaza a gida, me za su yi da busasshen burodi? Taga zan buɗe ta mabuƙata zalla. Ƙwai, cuku, wake da mai, har madara."

"Ɗana, kai ma ɗauki naka ka ci, bakinka ya samu aikin yi," in ji Sista Marta. "Tun da aka kafa gidan nan tare muke ci."

Ya yi dariya. "Zamani ya wuce kwando, Sista."

Aka ɗauke kwando, aka buɗe taga, aka shafa mata koren fenti. Ƙamshin ƙwai ya cika tsakar makaranta, kyanwoyin unguwa suka jeru kan katanga kamar masu jiran addu'a. Ustaz ya tsaya yana jiran layi.

Ba wadda ta matso. Sai a kwana na uku Damiyana, yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a aji shida, ta taho a hankali ta miƙa hannu. Wata ta ce daga baya, "Ashe gimbiyar lissafi da yunwa take lissafin." Yara suka kwashe da dariya. Kafin a tashi sunanta ya koma 'Yar Taga.

Washegari ba ta zo ba. Bayan mako Ustaz ya bi ta gida da littattafanta, ya tarar da uwarta tana wanki.

"Tana gonar albasa da ƙannenta," in ji matar, ba ta ko ɗago kai ba. "Shekara shida burodin sistoci ne karin kumallonta, Ustaz, ba wanda ya sani. Kai ka zo ka sanar da gari."

Ya roƙa, ya dawo da kwando, ya toshe tagar da bulo. Damiyana ba ta sake taka makaranta ba.

Jama'a, kafin ku rushe al'adar da kuka tarar a wuri, ku tambayi abin da take karewa. Kuma taimakon da zai tona asirin mai buƙata cutarwa ne, komai daɗinsa.