Golan da ya karya farashin kansa

Ƙwallon farko ta wuce ta ƙarƙashin hammatar Gaetan Pruneau a hankali, kamar baƙuwa mai jin kunya. Sai da ta shige raga sannan ya faɗi, ya doki ƙanƙara da sandarsa don jama'a su shaida ransa ya ɓaci. Tare ƙwallo ya iya tun yana yaro. Barinta ta wuce ba tare da an gane ba kuwa sabon karatu ne, kuma ya fi wuya.

Gobe da rana za a rufe kasuwar 'yan wasa. Ƙungiyar ƙwallon gorar ƙanƙara ta Fort Maclure tana da gola biyu, ba ta yarda da ko ɗaya ba: Eero ɗan Finland, mai dogayen ƙafafu da gajeren haƙuri, sai Gaetan, wanda gwiwoyinsa suka riga shi tsufa. Duk gari ya san ɗaya zai tafi. Masu sharhi a rediyo sun sayar da Gaetan ya fi a ƙirga. In sun gaji da shi sai su koma kan farashin tikiti, ko kan wani sabon tauraro da aka ce ba a haifi irinsa ba, wanda a doka ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe a gasar bana ce ke da damar fara ɗaukarsa.

Noreen, matarsa, ta yanke hukunci tun wajen karin kumallo, tana zuba wa fanke zumar itace ba ta ko dube shi ba. Gari biyar ta bi shi, labule biyar ta ɗinka. Yanzu tana da shagon furanninta, 'yan matansu sun saba da makaranta, gidan mahaifiyarta na layin baya.

"In suka sayar da kai, ka ɗauki jakarka ka tafi," in ji ta. "Ni da yara ma riƙa ganinka a talabijin, ranar da babu wani abin kallo."

Gaetan ya daɗe yana ɗumama benci, ba a sa shi a wasa. Da ya isa filin wasa sai koci Dubicki ya tare shi a ɗakin sa kaya.

"Tsoho, yau kai ne a raga."

"Ni? Me na yi maka, Koci?"

"Sa hularka dai. Muna da baƙo."

Gaetan ya gane. Ba a fito da tsohuwar mota daga gareji a wanke ta sai in mai saye na hanya. Ya san irin masu sayen kuwa: manyan ƙungiyoyi masu hangen kofi, masu neman gogaggen gola na ko-ta-kwana. Babu mai hankalin da zai sa kuɗinsa a kan kwando yana neman abin ɗiban ruwa. Saboda haka ya ƙudurta zama kwando na yini ɗaya.

Bai sha wuyar gano baƙon ba. Yana can sama, rana ta ƙona masa fuska a tsakiyar hunturu, yana karkarwa cikin 'yar riga shara-shara. Da farko gyangyaɗi ma yake yi.

Ƙwallo ta biyu ta bi ta tsakanin ƙafafun Gaetan. Baƙon ya gyara zama. Ta uku daga tsakiyar fili aka bugo ta, irin wadda ko tsohuwa za ta tare da tsintsiya. Da ya kama wata cikin kuskure, 'yan kallo suka miƙe suka yi masa tafin izgili. Wani ya tuɓe rigar ƙungiya ya wurgo kan ƙanƙara, ya kuma ambaci mahaifiyar Gaetan da babbar murya. Gaetan ya haɗiye. Mutunci ya fi sauƙin gyara a kan aure.

Al'ada ce in gola ya sha huɗu, koci ya ji tausayinsa ya janye shi. Bayan ta huɗun Gaetan ya dubi benci. Dubicki ya ɗaga kai ya kalli ɗakin gilashin da manaja ke zaune, ya sunkuyar, ya ci gaba da taunar cingam. Eero bai ko taɓa safar hannunsa ba.

Kafin a tashi, baƙon ya fita da waya a kunne, har yana tuntuɓe don sauri. Gaetan ya yi murmushi a bayan ƙarfen hularsa. Baƙon ya tafi gaya wa iyayen gidansa su riƙe kuɗinsu ke nan.

Ga 'yan jarida ya faɗi abin da aka saba: laifinsa ne, abokan wasansa sun cancanci fiye da haka, zai ƙara ƙoƙari.

Washegari da hantsi manaja Halvorsen ya aika a kira shi. Gaetan ya gwada fuskar nadama a madubin motarsa, ta yi masa kyau. Ya tarar da manajan da kofin shayi da kwalin cincin mai sukari, cikin fara'ar da bai taɓa gani a fuskarsa ba.

"Zauna, Tsoho. Ciniki ya faɗa. Ƙungiyar Santa Orla za ka. Jirginka da yamma."

"Ranka ya daɗe, ka kuwa kalli wasan jiya?"

"Na kalla. Su ma sun kalla." Halvorsen ya tura masa kwalin. "Tun farkon shekara nake tallarka, suna cewa har yanzu da sauranka, ba za ka yi musu ba. Ka san ƙiris ya rage su zo na ƙarshe su ɗauke sabon tauraron nan, amma golansu ya nace da tare ƙwallo. Mutuminsu ya ce ya zaga ƙasar nan kaf, bai ga wanda zai tabbatar musu da faɗuwa kamar kai ba."