Littattafan Mai Awon Ruwa

Ku yaran yanzu, da kun iya danna na'ura sai ku ɗauka babu sauran abin da tsoho zai faɗa muku. Ana yi muku magana kuna kallon agogo. To ku natsu ku ji abin da ya sami Dakta.

Dakta ba likitan asibiti ba ne. Karatun yanayi ya yi, yana aiki a wani ofishi mai hawa uku inda suka ajiye babbar kwamfuta a ɗaki mai sanyi. A cikinta suke zuba lissafin iska da zafi da teku, ita kuma ta nuna musu yadda duniya za ta kasance nan da shekara hamsin. Duk lissafin da masana na wasu ƙasashe suka turo abu ɗaya yake faɗa game da kwarin da garinsu yake ciki: ruwan sama zai ƙaru, kogi zai cika ya yi ɓarna. Dakta bai so ya zama mai maimaita maganar wasu ba. Ya ce kwamfuta ba ta san kwarin nan ba, sai an ba ta awon ruwan wurin na gaskiya.

Awon kuwa yana hannun wani tsoho da ake kira Mai Awo. Shekara talatin da takwas yana zaune da matarsa a ɗakin ma'aikata bayan ofishin, kusa da mazurarin ƙarfen da ke tara ruwan sama. Aikinsa kowace safiya ya juye ruwan a kwalba mai layi-layi, ya rubuta lambar. Shekara ɗaya, littafi ɗaya.

Dakta ya je da kwali da wata takarda. Ya tarar da tsohon a kujera, matar tana sa masa kofin shayi a hannu. Ita ta jawo littattafan daga ƙarƙashin gado, ita ta jera su. Dakta ya buɗe na bara, ya yi dariya.

"Rubutu kamar an zana. Tsufa ya gyara maka hannu, Baba."

Sannan ya ajiye takardar. An kafa na'ura mai yin awon da kanta, ba a bukatar mutum kuma. Su bar ɗakin kafin ƙarshen wata.

"Ɗana," in ji matar, "kafin ka tafi da littattafan nan..."

"Iya, ina da taro ƙarfe goma. A sa hannu a nan."

Tsohon ya miƙo hannu. Matar ta kama hannun ta ɗora a kan layin, Dakta kuwa yana amsa waya. Ran da suka tashi, kurar turawa ɗaya ta kwashe kayansu. Ɗakin nan aka mayar da shi wurin jibge karyayyun kujeru.

Cikin mako biyu aka shigar da lambobin, Dakta bai bar kowa ya duba ba don kada a riga shi. Kwamfuta ta yi wata uku tana aiki. Abin da ta fitar ya sa shi tsalle: kwarin nan bai canja ba. Ruwan shekarun baya-bayan nan daidai yake da na dā, kuma haka zai tafi. Ya hau mumbari ya faɗa, jaridu suka buga hotonsa, aka ƙara masa girma.

Wata abokiyar aikinsa ta ce abin ya yi kyau da yawa, a sake dubawa. Don ya rufe mata baki, ya sayi fili a bakin kogi ya gina gida. Ya ɗauko mahaifiyarsa, wadda ƙafafunta suka daina ɗaukarta, ya ba ta ɗakin ƙasa mai taga ta wajen ruwa.

"Ƙasar nan ɗanya ce," in ji ta. "Ina jin ƙamshinta har cikin ɗaki. Ka mayar da ni inda ka ɗauko ni."

"Inna, hancinki ya fi kwamfuta ne?"

A damina ta uku aka kwana biyu ana ruwa. Ran Talata da azahar, Dakta yana ofis, matarsa ta tafi ɗauko yara daga makaranta, kogin ya shigo ta tagar. Da ruwa ya janye, keken da ake tura tsohuwar a kai yana nan a ɗakin. Ita kuwa sai bayan kwana biyu aka same ta a wata gona, can ƙasa da gari.

Bayan an binne ta ya ɗauki kwalin littattafan, ya yi ta tambaya har ya gano tsofaffin a wani ɗan ɗaki bayan garejin kanikawa. Ko sallama bai yi ba. Ya buɗe littafi ya kafa shi a gaban fuskar Mai Awo.

"Karanta min! Wane irin awo ka yi?"

Tsohon ya ɗaga kai, ya tsayar da fuskarsa wajen bango. Matar ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta.

"Shekara goma sha biyu ba ya gani kafin ka zo. Da ofis sun sani da tuni sun kore mu. Ni kuma ban iya bambance biyu da bakwai ba a takarda. Sai in buɗe littattafansa na farko in zana abin da na gani, shafi bayan shafi." Ta dube shi ido cikin ido. "Ruwan da aka yi kana goye a bayan uwarka, shi ka zuba wa injinka, a kansa ka kwantar da ita."