Katin Jami'a na Biyu

Katin jami'a biyu ya tsinta a aljihun rigar sanyin 'yarsa, ya watsa su kan tebur ana cin abinci. Wata uku yana zarginta, don ta daina leƙa kantin maganinsa da ke birnin Plovdiv.

"Na karatun haɗa magunguna na san shi, ni na saka ki. Wannan na lauya fa? Wane saurayi ya hure miki kunne?"

"Ba kowa, Baba. Duka biyun nake karantawa."

"Da izinin wa?"

"Mama. Ta ce in ƙware a dokar raba aure."

Ya juya ga matarsa. Ta ajiye wuƙar yanka cuku ta dube shi, kuma karo na farko cikin shekara talatin ba ta sunkuyar da kai ba.